Skubal, Skenes ko wani dabam: wa zai fi kowa jifa a besbol ɗin Amurka a 2026?

Mai Alƙaluma: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An gama rabon kambun Cy Young na 2025, kambun da ake ba mai jifan da ya fi kowa a kowane lig, wato American League (AL) da National League (NL). Tarik Skubal na Detroit Tigers ya ɗauki na AL karo na biyu a jere, Paul Skenes na Pittsburgh Pirates kuma ya ɗauki na NL, duk masu zaɓe 30 shi suka sa a gaba. Kafin mu shiga hasashen 2026, ga abin da manyan suka yi a kakar da ta wuce, domin kada a zo ana musu da ka. ERA ita ce matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zango tara, zango shi ne zagayen da ake fitar da masu bugu uku, K korar mai bugu ce da sitiraik uku, tafiya kyauta kuma barin mai bugu ya hau tushe ba tare da ya buga ba.

Skubal: nasara 13, rashi 6, ERA 2.21, zango 195.1, K 241, tafiya kyauta 33.
Garrett Crochet na Boston: 18 da 5, ERA 2.59, zango 205.1, K 255, kyauta 46.
Skenes: 10 da 10, ERA 1.97, zango 187.2, K 216, kyauta 42.
Cristopher Sánchez na Philadelphia: 13 da 5, ERA 2.50, zango 202, K 212.
Yoshinobu Yamamoto na Dodgers: 12 da 8, ERA 2.49, zango 173.2, K 201, kyauta 59.

Tambaya biyu ce, kada a haɗa su. Wa ya fi kowa iya jifa a yanzu? Wa kuma zai ɗauki kambu a kowane lig a watan Nuwamba? Amsar farko ba lallai ta zama amsar ta biyu ba.

Ɗan Autan Zaure: Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da ya ci wasa 10 ya sha kashi a 10, yaya aka yi kowa ya zaɓe shi? Max Fried na Yankees ya ci 19, amma ko na uku bai zo ba a AL.

Mai Alƙaluma: Auta, nasara ba ta hannun mai jifa shi kaɗai. Sai ya yi zango biyar aƙalla, sai 'yan ƙungiyarsa sun ci maki sun shiga gaba kafin a cire shi, sannan sai waɗanda suka karɓe shi sun riƙe ratar har ƙarshe. Sharaɗi biyu cikin ukun nan aikin wasu ne. Pirates su ne ƙungiyar da ta fi kowa ƙarancin maki a duk MLB, babbar gasar da ta haɗa AL da NL, a 2025. Skenes zai ba da maki ɗaya a zango bakwai, a tashi 1 da 0, a rubuta masa rashi. Masu zaɓe sun daina kallon nasara tun 2010, da suka ba Félix Hernández na Seattle da 13 da 12 saboda ERA 2.27. Jacob deGrom ya ƙara tabbatar da haka a 2018 da 10 da 9 da ERA 1.70.

Lissafin ERA kuwa mai sauƙi ne: makin da aka ci ka da laifinka, ka ninka sau tara, ka raba da yawan zango. Skenes an ci shi 41. 41 sau 9 shi ne 369, ka raba da 187 da biyu bisa uku, ka samu 1.97. A lura, ɗigo ɗaya ko ɗigo biyu a lissafin zango ba kashi goma ba ne, mutum ɗaya ko biyu ne da aka fitar cikin ukun da ke cika zango. Mutane da yawa nan suke kuskure idan sun sa a kalkuleta.

Kawun Detroit: To ni ba zan ɓoye ba, Skubal ne amsar tambaya ta farko, kuma dalilina ba ERA ba ne. Ku raba K da kyauta. Skubal 241 bisa 33, ya haura 7. Crochet kusan 5 da rabi. Skenes 5 da ɗan wani abu. Yamamoto bai kai 3 da rabi ba. Cikin duk alƙaluman mai jifa, korar mai bugu da sitiraik uku da kuma ƙin ba da tushe kyauta su ne suka fi maimaita kansu daga shekara zuwa shekara, domin babu hannun mai tsaron fili a ciki, babu iska, babu girman fili.

Sannan ku dubi yadda yake yi. Bahago ne mai jifan gudu da ke tashi wajen mil 97 a awa, wato kimanin kilomita 156. Amma makaminsa jifan yaudara ne, wanda yake fitowa daga hannu da motsi iri ɗaya da na gudu, ya iso da ragin kusan mil 10, ya kuma kauce wa mai bugu da dama. Daga tudun jifa zuwa faranti, inda mai bugu ke tsayawa, mita 18.44 ne, ƙwallo mai gudu tana cinye shi a kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Mai bugu dole ya yanke shawara tun ƙwallo ba ta kai rabin hanya ba. Idan ya shirya wa 97 aka turo masa 88, sandarsa ta riga ta wuce. Kusan rabin waɗanda suka kai wa jifan nan duka iska suke bugu. Muhimmancin wannan ga bahago shi ne, ƙungiyoyi cika masa layi suke da masu bugu da dama, kuma wannan jifan su yake kashewa.

Ku tuna wasansa da Cleveland ranar 25 ga Mayu 2025. Zango tara shi kaɗai, jifa 94 kacal, K 13, babu kyauta ko ɗaya, ba a ci shi maki ba, jifansa na ƙarshe mil 102.6. Mutum ya kai zango na tara yana ƙara gudu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gimbiyar Fenway: Kawu, an ji, ba wanda ya raina Skubal. Amma ka tsallake abu biyu. Na ɗaya, Crochet ya fi shi zango 10, ya fi shi K 14, ya fi kowa K a duk MLB. Na biyu, ina kowa yake wasa? Comerica Park fili ne mai faɗi, ƙwallon da za ta fita a wani wuri nan sai a cafke ta. Fenway kuwa katangar hagu ƙafa 310 ce daga faranti. Tsayinta ƙafa 37, gaskiya tana tare wasu hom ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga ta fita waje, amma ƙwallon sama da ake kamawa cikin sauƙi a Detroit, a Boston katanga take duka ta zama tushe biyu. Kuma wa ke bugawa can? Masu bugu da dama, waɗanda su bahago yake fuskanta kullum. Ga shi rukuninsa akwai Yankees da Toronto.

Kawun Detroit: Hajiya, tun 2023 aka rage wasannin cikin rukuni daga 19 zuwa 13 da kowace ƙungiya, kowa yana haɗuwa da kowa. Hujjar rukuni ta yi rauni. Maganar fili na karɓa, amma ba ita ta sa Crochet ya ba da hom ron 24 ba alhali Skubal 18.

Mai Alƙaluma: Bari in raba ku da FIP, ma'aunin da ke duba abin da ke hannun mai jifa shi kaɗai, tunda shi ne aka yi don irin wannan gardamar. Ka ɗauki hom ron sau 13, ka ƙara kyauta da waɗanda ƙwallo ta buga a jiki sau 3, ka cire K sau 2, ka raba da zango, sannan ka ƙara wani adadi da ke kusa da 3.1 don ya zo ma'auni ɗaya da ERA. Abin da ya fito a 2025: Skenes 2.36, Skubal 2.45, Crochet 2.89. Abin da ya ɗaga Skenes shi ne hom ron 11 kacal a zango kusan 188.

Yadda ake karanta shi wajen hasashe: idan ERA ta yi ƙasa da FIP da tazara mai yawa, a sa ran za ta hau baɗi, sai dai in akwai dalili a fili. Ukun nan duk tazararsu ba ta kai rabin maki ba, don haka ba sa'a ce ta ɗauke su ba. A haɗa da duba biyu. Na farko, ƙwallayen da aka buga cikin fili, kashi nawa suka zama bugu mai kyau? Matsakaicin lig yana tsakanin .290 da .300. Wanda ya samu .240 yawanci masu tsaron fili ne ko sa'a suka taimake shi. Na biyu, cikin mutanen da suka hau tushe, kashi nawa suka maƙale ba su dawo gida ba? Matsakaici wajen 72 cikin ɗari ne. Wanda ya haura 85 da wuya ya maimaita. Blake Snell a 2023 misali ne: ERA 2.25 da kyauta 99, mafi yawa a MLB. Ya ci kambu, amma ba irin kakar da ake gina hasashe a kanta ba ce.

Ɗan Osaka: Duk wannan lissafi, ba wanda ya ambaci mutumin da ya ɗauki Dodgers a kafaɗa a wasannin neman kofi na Oktoba. Yamamoto ya yi cikakken wasa zango tara da Milwaukee, ya sake yin cikakke da Toronto a wasa na biyu na World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofi, ya ci wasa na shida, washegari ba hutu ya shigo wasa na bakwai ya yi zango biyu da biyu bisa uku ya rufe. Nasara uku cikin huɗun da ake buƙata nasa ne. Kafin ya zo Amurka ya ci kambun Sawamura, na gwarzon mai jifa a Japan, sau uku a jere, 2021 zuwa 2023, a Orix Buffaloes. A watan Satumba saura mutum ɗaya ya gama wasa da Baltimore ba tare da an buga masa ko ɗaya ba, Jackson Holliday ya ɓata. Masu bugu ba su kai .190 a kansa ba duk kakar. Wa kuke nema kuma?

Baba Tsohon Hannu: Yaro, abin da ka faɗa duk gaskiya ne, kuma ba ɗaya da ke shiga akwatin zaɓe. 'Yan jaridar BBWAA, ƙungiyar marubutan besbol ta Amurka, su 30 a kowane lig, biyu daga garin kowace ƙungiya, suna miƙa takardunsu kafin a fara wasannin Oktoba. Kowa ya jera mutum biyar, maki 7, 4, 3, 2, 1. Shi ya sa Skenes ya tashi da 210, Skubal da 198 daga na ɗaya 26 da na biyu 4, Crochet da 132. Bajintar World Series tana da nata kambun, kuma Yamamoto ya karɓa.

Matsalarsa a wannan tseren tsarin Dodgers ne. A Japan mai buɗe wasa sau ɗaya yake jifa a mako. Dodgers sun riƙe masa abin da ya yi kusa da haka, suna ba shi hutun kwana biyar ko fiye maimakon huɗun da aka saba. Sakamako: wasa 30, zango 173.2. Sánchez ya fi shi zango 28, kusan wasa uku ke nan cikakku. Ƙungiyar da ta san za ta kai Oktoba ba ta matse mutanenta a Agusta don kambun mutum ɗaya. Haka maganar Shohei Ohtani, kafin wani ya kawo ta. Ya dawo jifa a Yunin 2025, ya yi zango 47. Mafi yawan da ya taɓa yi a Amurka 166 ne a 2022. Jifansa ya isa, zangon ne ba zai isa ba.

Ɗan Osaka: Ranka ya daɗe, Corbin Burnes ya ci a 2021 da zango 167 kacal, a gaban Zack Wheeler mai 213.1.

Baba Tsohon Hannu: Ya ci, da maki 151 da 141, kowannensu yana da na ɗaya 12. Wato da ƙyar. Kuma Burnes a shekarar ya fi kowa ERA a lig, ya fara kaka da K 58 kafin ya ba da kyauta ko ɗaya. Mai ƙaramin zango sai ya yi wa kowa fintinkau a inganci. Yamamoto mai kyauta 59 bai kai nan ba. Sai ya rage su zuwa wajen 40, ko ya kai zango 190.

Malam Mai Ɗori: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ke rusa hasashe fiye da komai, wato gwiwar hannu. Duba jerin waɗanda suka ci kambu kwanan nan. Sandy Alcántara ya ci a 2022 da zango 228.2 da cikakken wasa shida, Oktoban 2023 aka yi masa tiyatar Tommy John, wato sauya jijiyar gwiwar hannu. Gerrit Cole ya ci a 2023, Maris ɗin 2025 aka yi masa, bai jefa ko ɗaya ba duk kakar. Burnes ya ci a 2021, Yunin 2025 aka yi masa. Chris Sale ya ci a 2024, a 2025 ya karya haƙarƙari wajen tsalle kan ƙwallo, ya rasa sama da wata biyu. Wheeler yana cikin tseren 2025 har Agusta, aka gano gudan jini kusa da kafaɗarsa, kaka ta ƙare.

Abin da ke faruwa a ciki: akwai wata jijiya a gefen ciki na gwiwar hannu da ke haɗa ƙashin dantse da na sangalin hannu. Lokacin da hannu ya koma baya iyaka kafin ya wurgo gaba, ita ke hana gwiwar buɗewa. Nauyin da ke sauka a kanta a jifa mai ƙarfi yana dab da iyakar abin da take iya ɗauka, tsokokin sangali ne ke rage mata kaya. Idan tsokar ta gaji, jijiya ce ke biya. Tsoka tana ƙaruwa da atisaye, jijiya ba ta bin ta da sauri. Shi ya sa ƙarin gudu yake zuwa da ƙarin haɗari. Tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ita ce a ɗauko wata jijiya, yawanci daga sangalin hannu ko bayan cinya, a huda ƙashi a ɗaura. Mai buɗe wasa yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya dawo, kuma saiti ya fi gudu jinkirin dawowa.

To a auna mutanenmu. Skubal an yi masa Tommy John tun yana jami'a, aka sake yi masa aikin jijiyar sangali a Agustan 2022. Crochet an yi masa a Afrilun 2022. Kafin 2024 duk zangon da ya yi a MLB 73 ne, yana shigowa a ƙarshen wasa. Ya yi 146 a 2024, ya yi tsalle zuwa 205.1 a 2025. Yamamoto ya rasa kusan wata uku a 2024 saboda kafaɗa, sannan a 2025 in ka haɗa da Oktoba ya haura zango 200, ga gajeren hutu. Skenes bai shiga ɗakin tiyata ba, kuma hawansa a hankali aka yi: 133 a 2024 bayan ya fara a watan Mayu, 187.2 a 2025.

Gimbiyar Fenway: Malam, wannan tsallen zangon na Crochet an yi ta tsoratar da mu da shi tun farkon 2025, ya gama kaka da ƙarfinsa. Wasansa da Yankees a ƙarshen Satumba, K 11, babu kyauta, jifa 117, na ƙarshe mil 100. Wanda hannunsa ya gaji ba ya haka.

Malam Mai Ɗori: Haka ne Hajiya, kuma ba na cewa tsallen zango shi kaɗai hujja ne. Abin da nake cewa a sa ido ga alamu a Afrilu da Mayu. Gudu ya ragu da mil ɗaya da rabi zuwa biyu a wasa biyu ko uku a jere. Wurin da hannu ke sakin ƙwallo ya sauko ƙasa. Jifan gudu ya riƙa kaucewa sama ta gefen hannun mai jifa. Ƙungiya ta ce "sangali ya ɗan ɗaure". Wannan kalmar ta ƙarshe sau da yawa ita ce sallamar da gwiwa take yi kafin ta shigo. Sannan a 2026 akwai World Baseball Classic, gasar ƙasashe, a Maris, masu jifa za su kai cikakken ƙarfi makonni kafin lokacin da jikinsu ya saba. Ga agogon jifa, daƙiƙa 15 in babu kowa a tushe, 18 in akwai, hutun tsakanin jifa da jifa ya ragu.

Ɗan Kogi Uku: Tunda an zo kan Skenes bari in faɗi abin da alƙaluma ba su nuna ba. A 2024 ya shigo da gudun mil 99 da jifan nan nasa da ke tsakanin sinka da sifilita, jifa biyu masu nutsewa, mai tafiya wajen 94 ya nutse. Mutane suka ce shekara ta biyu za a gane shi. Sai ya canza. Ya rage dogaro da wannan jifan, ya ƙara jifan yaudara da silaida mai share faranti, ya zama mai bugu yana lissafin jifa shida ko bakwai. Amfanin wannan yana fitowa a zagaye na uku. Kowane mai jifa, in masu bugu suka gan shi karo na uku a wasa ɗaya, sakamakonsa yana lalacewa, domin ido ya saba da fitowar ƙwallo. Mai jifa iri biyu ba shi da abin ɓoyewa. Mai bakwai yana iya ajiye biyu sai zango na shida.

ERA 1.96 a shekarar farko, 1.97 a ta biyu, kuma sai ƙarshen Mayun 2026 zai cika shekara 24. Gwarzon sabbin 'yan wasa sannan Cy Young a shekarar da ta biyo, Dwight Gooden ya yi haka a 1984 da 1985. Filin PNC Park kuma yana taimakonsa, ɓangaren hagu da tsakiya yana da zurfi, masu bugu da dama suna wahalar fitar da ƙwallo.

Kawun Detroit: To ka faɗa da bakinka. Hom ron 11 akwai hannun fili a ciki, kuma yawan ƙwallon sama da ke fita waje yana daga cikin abubuwan da suka fi canzawa shekara zuwa shekara. Ka mayar da su 17, ƙarin 6 sau 13 shi ne 78, ka raba da 188, FIP ɗinsa ya hau da 0.41, ya koma wajen 2.77. Nan Skubal ya wuce shi. Shi ya sa nake cewa a tambaya ta farko Skubal, amma ban musa cewa Skenes ya fi sauƙin hanya zuwa kambu ba.

Mai Alƙaluma: Lissafin daidai ne, amma Kawu ka zaɓi 17 ne don ya yi maka daɗi. Shekara biyu ke nan Skenes yana hana hom ron, kuma jifansa masu nutsewa ne, ana buga su ƙasa. Wani ɓangare fili ne, wani ɓangare gwaninta.

Wanda nake ganin ana rainawa shi ne Sánchez. Duk masu zaɓe 30 shi suka sa na biyu. Bahago ne mai sinka da jifan yaudara, fiye da rabin ƙwallayen da ake buga masa a ƙasa suke birgima. Irin wannan yana gama zango da jifa 12 ko 13, yana samun fitar da mutum biyu a bugu ɗaya, shi ya sa yake kai zango na bakwai kafin ya cika jifa 100. Rauninsa: ya dogara da masu tsaron cikin fili. In suka yi sanyi, ERA ɗinsa ta hau ba tare da ya canza komai ba. Logan Webb na San Francisco ma irinsa ne, shi ya fi kowa zango a NL da 207 da K 224, amma ERA 3.22 ta ajiye shi baya.

Ɗan Autan Zaure: Sabuwar dokar ƙalubalantar alƙali fa, wa za ta taimaka?

Baba Tsohon Hannu: Daga 2026 kowace ƙungiya tana da ƙalubale biyu a wasa kan hukuncin bol ko sitiraik, in ta yi daidai ba a cire mata. Mai jifa, mai cafka ko mai bugu ne kaɗai ke iya nema, nan take, ta taɓa hula, ba tare da benci ya sa baki ba. Na'ura tana auna faɗin inci 17 na faranti, sama da ƙasa kuma gwargwadon tsayin mai bugu. Alƙali na nan, yawancin jifa shi zai hukunta. Amma a lokutan da suka fi tsada, kamar bol uku sitiraik biyu da mutane a tushe, jifan da ya fita da inci ɗaya wanda mai cafka ya saba jawowa ciki da dabarar safar hannu, yanzu ana iya ƙwace shi. Wanda ke rayuwa a gefen faranti zai yi asara kaɗan. Wanda ke jefawa cikin akwati ana kuskurewa, kamar Skubal da Crochet, ba ruwansa. Kada dai a zuzuta, jifa kaɗan ne a wasa.

Abin da ya fi wannan girma a kan Skubal shi ne kwantiragi. Bayan kakar 2026 yana da 'yancin tafiya inda ya so. In Detroit ta ga ba za ta kai ba ta sayar da shi a Yuli zuwa ƙungiyar NL, alƙalumansa sun rabu gida biyu, kowane lig rabinsa zai gani. Rick Sutcliffe ya tsallake wannan a 1984, ya bar Cleveland a Yuni ya yi 16 da 1 a Chicago Cubs ya ci. CC Sabathia a 2008 ya koma Milwaukee a Yuli, ya yi abin mamaki, ya ƙare na biyar. Sannan tarihi: kafin Skubal, Pedro Martínez ne na ƙarshe da ya ci biyu a jere a AL, 1999 da 2000. Uku a jere ba wanda ya taɓa yi a AL. Greg Maddux da Randy Johnson sun yi huɗu-huɗu, duk a NL. Ba wai masu zaɓe sun gaji da suna ba ne kawai, kaka uku a jere na wasa 31 ba ciwo shi ne abin da ke da wuya.

Gimbiyar Fenway: Shi ya sa nawa Crochet a AL. Abin da yake buƙata ɗaya ne, hom ron su sauko daga 24 zuwa ƙasa da 20. K yana da su, zango yana da su, Boston ta ba shi kwantiragin shekara shida, ba inda za shi a Yuli. A NL Skenes.

Kawun Detroit: Skubal a AL, Skenes a NL. In Skubal bai samu ba, Hunter Brown na Houston kafin Crochet. ERA 2.43, K 206 a zango 185.1, kuma hannunsa bai sha wuƙa ba.

Ɗan Osaka: Yamamoto, kuma ku rubuta. Shekara ta uku ce a Amurka, ya saba da ƙwallon da tudun. Kyautarsa a Japan ba ta da yawa haka, za ta sauko.

Malam Mai Ɗori: In aka ba ni zaɓi tsakanin Skubal da Crochet a gefe ɗaya, da duk sauran AL a ɗaya gefen, ba zan raina sauran ba. Bryan Woo na Seattle ya fara 2025 da wasa 25 a jere yana kai zango shida ko fiye, ga Fried, ga deGrom da ya yi 172.2 da ERA 2.97 bayan tiyata ta biyu. A NL dai ina tare da Skenes, da sharaɗin Pirates su bar shi ya kai zango 190 ko da sun fita daga tsere a Satumba.

Mai Alƙaluma: Kada wanda ya zo nan a ƙarshen Afrilu da ERA yana murna ko kuka. Wasa shida zango 36 ne, mummunan zango ɗaya na maki biyar yana ƙara 1.25 a kai. A wannan lokacin abin dubawa gudun jifa ne, da yawan dukan iska, da K a cire kyauta a raba da yawan masu bugun da aka fuskanta. Wanda ya haura 25 cikin ɗari a wannan, kuma yana kai zango shida kowane wasa, shi za mu sa a jeri. Hajiya, in Crochet ya ba da hom ron 8 kafin ƙarshen Mayu, za mu dawo kan maganar katangar nan taki.

Gimbiyar Fenway: In ya ba da 8 a gida ko a waje, Malam? Ka fayyace tun yanzu, don na san halin Kawu.